Yadda ake horar da ɗan kare lorca ya iya kamun zomo da fitila cikin dare

Lorca ba wani jinsin kare bane mai takardar asali irin wanda ake kaiwa gasar kwalliya, haɗi ne. Mutanen karkarar Ingila da Ailan ke haɗa kare mai farauta da ido da gudu, irin girehawun ko wifet ko saluki, da kare mai aiki da ƙwaƙwalwa kamar koli na masu kiwon tumaki ko ɗan teriyan nan na Bedlinton, sai a samu ɗa mai gudun ɗaya da wayon ɗayan. Duk wanda ya taɓa ganin dogayen karnukan Buzaye na yankin Azawak a Nijar da Mali, siraran nan masu zurfin ƙirji da shafaffen ciki, to ya ga kusan rabin siffar lorca.

Aikin da aka fi saninsa da shi shine farautar dare da fitila. Zomo yana fitowa kiwo da daddare ya yi nisa da raminsa, kai kuma ka zo da fitila mai ƙarfi ka haska shi, ka saki kare ya bi layin hasken ya kamo ya kawo maka hannu. A faɗe abu ne mai sauƙi, amma wallahi yawancin karnukan da suka lalace ba a daren farauta suka lalace ba, tun a gida ne, da kuma gaggawar maigidan da ya ƙosa ya ga karensa da zomo a baki tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba.

Kafin komai, doka da izini

Wannan ba abin tsallakewa bane. A Ingila da Wels dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, ta hana bin namun daji da karnuka amma ta cire zomon rami da ɓera, da sharaɗin filin naka ne ko mai filin ya baka izini. Zomon rami fa na ce. Akwai babban zomon fili wanda baya haƙa rami, ya fi girma nesa ba kusa ba, kunnuwansa dogaye masu baƙin baki, in ya zura da gudu fili yake miƙewa ba shinge yake nema ba, wannan sakin kare a kansa laifi ne, kuma tun 2022 aka ƙara tsananta hukuncin wanda ya shiga filin wani ba izini don ya bi shi da kare, tara mara iyaka, ɗaurin da zai iya kai wata 6, har kotu na iya hana mutum riƙe kare. Na ramin ƙarami ne, toka-toka, in yana gudu zaka ga farin wutsiyarsa na ɗagawa. Dole idonka ya iya raba su a cikin haske kafin hannunka ya saki igiya. A Sikotilan kuwa dokar 2023 ta saka har zomon ramin cikin abin da aka hana a bi da kare a kashe, don haka wannan bayanin gaba ɗaya ba na can bane.

Izini kuma ka nema a rubuce, da sunan manomi da lambar wayarsa, ka ajiye a aljihu. Shiga filin wani da dare neman zomo ba izini laifi ne tun dokar 1828, kuma mutum da fitila da kare ƙarfe ɗayan dare a bayan gari ba abin mamaki bane maƙwabta su kira ƴan sanda. Samun izinin ba wuya sosai in ka je da rana da mutunci, don zomo ɓarna yake musu, yana cin alkama da ciyawar dabbobi yana rarake gindin shinge, har ma dokar 1954 ta ɗora wa masu filaye nauyin rage shi. Ranar da zaka fita ka tura wa manomin saƙo tun da yamma.

Watannin farko duk da rana ne

Kwikwiyo yana zuwa hannunka yana da kamar sati 8, da ƴar na'urar shaidar nan da ake sawa ƙarƙashin fata, wadda ta zama dole tun Afrilun 2016, sai rigakafi da maganin tsutsa. In zomo kaɗai kake so kuma filayenka ƙanana ne masu shinge kusa-kusa, haɗin wifet ko na Bedlinton ya ishe ka, suna da saurin tashi da saurin juyawa. Haɗin koli da girehawun shine ya fi sauƙin koyarwa a ganina. Mai jinin saluki yana da numfashi kamar ba zai gaji ba amma yana da taurin kai, sabon shiga zai sha wahalarsa.

Abu na farko kira ne. Ba zama ba, ba kwanciya ba, kira. Ka zaɓi sauti ɗaya mara ƙarfi, ɗan fito siriri ko tsotsar leɓe, don da dare ba ihu zaka riƙa yi ba, in ka ɗaga murya ka kori zomayen fili uku. Duk lokacin da zaka bashi abinci ka yi wannan sautin, duk lokacin da ya taho da kansa ka yi, ya iso ka durƙusa ka shafa shi ka yaba masa sosai. Kar ka taɓa kiransa don ka dake shi, ko me ya yi. Lorca kare ne mai riƙo a zuciya, ka doke shi sau ɗaya bayan ya amsa kira sai ya koma yana tsayawa taku biyar daga gare ka yana kallonka, kuma wannan taku biyar ɗin zasu dame ka ranar da zomo ke bakinsa.

Na biyu kawowa, kuma nan zan daɗe don nan ne ake faɗuwa. Ka samu tsohuwar safa ka cusa tsumma, ka zauna a ƙasa a wani lungu siriri na gida inda ba shi da hanyar wucewa sai ta kanka, ka jefa kusa. Zai ruga ya ɗauka, da ya juyo sai ka yi sautin kiran nan ka buɗe hannu. Ya iso kar ka fizge, ka fara shafa ƙirjinsa da bayan kunne yana riƙe da abinsa, ka barshi ya ji daɗin zuwa wajenka da kaya a baki, sannan a hankali ka sa hannu ƙarƙashin haɓarsa ka karɓa da kalma ɗaya da zaka riƙe har abada, ko "saki" ko "kawo". Jifa biyu ko uku a rana ya isa, ka tsaya tun yana marmari. Masu jinin gudu suna saurin gundura, ka jefa sau goma a jere sai ya kalle ka ya kwanta, shikenan ka koya masa cewa kawowa ba dole bane. Kuma dan Allah kar a yi wasan ja-in-ja da shi, ka gaya wa yaran gida ma, don wannan wasan ne ke koya masa danne haƙori. Lokacin da yake famfara, wajen wata 4 zuwa 6, bakinsa na ciwo, in ka ga yana ƙin ɗauka ka ɗaga masa ƙafa na ɗan lokaci. Bayan nan ka naɗe safar da busasshiyar fatar zomo, can gaba ka gwada shi da mataccen zomo da ya huce, ya saba da nauyin da gashin a baki.

Na uku dabbobin gona. Kare da ke bin tumaki ya gama yawo, izininka ya tafi, kuma doka na iya kare manomin da ya harbe karen da ya samu yana cikin tumakinsa. Tun yana ƙarami ka riƙa ratsa garken tumaki da shanu da kaji da shi a igiya, ya ɗaga kunne ya ƙura musu ido ka ce "a'a" da kakkausar murya ka ja shi ku wuce, ya kau da kai ka yaba. Ka maimaita har sai tunkiya ta zame masa kamar dutse. Kuma ka sake gwada shi da dare, don tumakin da suka firgita suka watse cikin duhu daban suke a idon ɗan kare da waɗanda ya saba gani suna kiwo da rana.

Tsallake kuma da ɗan katako ƙasa-ƙasa a ƙofar ɗakinsa ake farawa, ana ɗagawa kaɗan kaɗan. Babban tsalle sai ya girma.

Yaushe ya isa fita

Ƙananan haɗi irin na wifet wajen shekara ɗaya, manya masu dogon ƙashi sai wata 14 zuwa 18. Nasan akwai masu fitar da ɗan wata 8 su ce ai ya kama, to ya kama ɗin, amma gaɓoɓinsa basu gama haɗuwa ba, kuma mafi muni in ya yi ta bi yana rasawa takaici zai sa ya fara kuka yana gudu, wani siririn haushi a bayan zomo, kuma kare in ya fara wannan da wuya ya daina. Ka lissafa yadda shekarunsa zasu cika daidai farkon kaka, Satumba zuwa Oktoba, an girbe hatsi, ƙasa ta fara laushi da ruwa, ga zomayen bana da basu taɓa ganin fitila ba, basu san dawan garin ba. Kafin nan ka gina masa jiki da tafiya a igiya kan titi don dagi ya yi tauri farce ya lafa, da sakin gudu a fili sau biyu ko uku a sati.

Kayan aiki ba yawa. Fitila mai siririn haske da ke kai nesa, yanzu akwai masu ƙaramin batir mara nauyi, ba kamar da ba da ake goya batirin babur. Igiya mai santsi wadda kake ɗaure bakinta ɗaya a wuyan hannunka, ka zura ta a abin wuyan kare ka riƙe ɗaya bakin da yatsu, ka buɗe yatsu kawai ta zare. Ni na fi son wadda ke zagaye wuyan kai tsaye ya tafi ba komai a wuyansa, don abin wuya na iya maƙalewa a waya. Sai jaka, wuƙa mai kaifi, ruwa, bandeji, da waya mai caji.

Ka zagaya filin da rana tukuna. Ka ga ina ramuka suke, ina waya mai ƙaya, ina kwalbati, ina aka yar da tsohuwar garma cikin ciyawa, ina kwamin ruwan shanu. Girehawun na kai kilomita 70 a awa, lorca bai kai haka ba amma bai yi nisa ba, a wannan gudun ƙarfe ɗaya da ciyawa ta rufe ya isa ya karya masa wuya.

A gida kuma ka haɗa fitila da wasan kawowa. Da magariba ka ajiye safar fatar nan a ciyawa ba tare da ya gani ba, ka riƙe shi, ka haska ta, da ka ji ya miƙe wuya ya ƙura ido ka ce "sss" a hankali ka sake shi. Da ya ɗauka ka kashe fitila ka kira. A nan yake koyon abu biyun da duk sana'ar ta ɗoru a kai, abin nema yana ƙarshen haske, kuma haske ya mutu a dawo. In kana da aboki mai gogaggen kare ku fita tare dare ɗaya ko biyu naka na igiya yana kallo, amma kar ya wuce haka, kuma kar a taɓa sakin biyu kan zomo ɗaya, ko su yi karo ko su yi ta ja har su yaga shi.

Daren farko

Ka jira dare mai duhu, ba farin wata, da iska mai ɗan ƙarfi, in da yayyafi ma ya fi. Iska ke ɓoye ƙarar takunka. Daren da ya yi tsit wata ya haska ko ƙasa ta daskare ka zauna a gida, zomo zai ji ka tun daga ƙofar gona, daskararriyar ƙasa kuma tana fasa dagi tana karya yatsu. Kar ka bashi babban abinci kafin fita, kare mai zurfin ƙirji in ya yi gudu da cikakken ciki tumbinsa na iya murɗewa, kuma wannan kisa yake cikin awoyi.

Ka shiga iska na bugun fuskarka, ka rufe ƙofar gona a hankali, ka bi gindin shinge yadda zaka kasance tsakanin zomaye da ramukansu. Fitila a kashe kake tafiya. Ka tsaya, ka kunna, ka share filin da sauri sau ɗaya, ka kashe. Idon zomo ja-ja yake ƙyalli ƙasa-ƙasa, na tumaki ya fi ɗaukar kore kuma ya fi tsayi. Zaka ga wasu sun riga sun nufi gida, ka ƙyale su. Zaka ga wasu zaune dab da shinge, su ma ka ƙyale, taku uku zasu shige karenka kuma ya daki waya. Wanda kake nema shine wanda ya yi nisa a tsakiyar fili ya lafe, ya kwantar da kunnuwa a baya ya manne da ƙasa yana fatan ku wuce.

Ka ɗora hasken a kansa ka taka a hankali, kare na gefenka a igiya. Sau da yawa ɗan kare baya ganin zomon da ya lafe ko da taku goma ne, don idonsa motsi yake nema, zaka ga yana waige-waige. Kar ka sake shi. Ka ci gaba da matsawa har ka ga zomon na numfashi, gefen cikinsa na ɗagawa, in bai tashi ba ka ɗan buga ƙafa. Da ya zabura zaka ji igiya ta yi tauri a hannunka, wannan ne shaidar ya gani, ka yi bismillah ka buɗe yatsu. Sakin kare kan abin da bai gani ba shine ke koya masa yawon neman kansa cikin duhu.

Yanzu aikinka fitila. Hasken a kan zomo zaka riƙe ba a kan kare ba, kuma kar ka haske idon karen in sun juyo ta wajenka. Zomo zai goce, kare ya wuce shi ya karkato ya dawo, ya sake gocewa, haka zasu yi ta yi yana jan hanya zuwa shinge. In ya kusa shiga wasu na ɗan girgiza hasken a gabansa, yakan ruɗe ya juyo fili. Da ka ga ya shige, ko sun nufi waya, kashe fitila nan take ka kira. Kar ka sake kunnawa sai karen ya dawo ka sa masa igiya, ko da kana jin motsin wani zomon a gabanka. Wannan dokar ba sassauci. In ya tsaya shinshine-shinshine a gindin shinge ka juya ka fara tafiya cikin duhu kana fito, zai biyo.

In kuwa ya kama, ka kashe fitila, ka durƙusa, ka yi kiran nan naka a hankali kamar kuna lungun gida. Kar ka ruga wajensa, ka ruga zai ɗauka ƙwace zaka yi. Na farkon yakan yi ta zagaye da shi yana taƙama, wani ma ya kwanta da shi can gefe, ka yi haƙuri, ka ɗan ja da baya kana kira. Ya iso ka kama ƙafafun zomon na baya da kyau tukuna kafin ka ce ya saki, in ba haka ba zomon zai suɓuce a tsakaninku kuma gobe karen zai ƙara danne haƙori don kar a sake masa asara. Ka yaba masa sosai. In ya kama ɗaya ko biyu a daren farko ku koma gida, ko da fili cike yake da idanu. Gara ya kwanta da nasara a ransa. Duk wannan kakar ta farko gudu kaɗan, zaɓaɓɓu, da hutu tsakani har hakinsa ya lafa harshe ya koma baki.

Zomon da ke hannunka

Turawa karya wuya suke yi nan take. Mu kam yanka ne, shi yasa taushin bakin kare ya fi mana muhimmanci fiye da kowa, karen da ke kawo zomo da rai ba ko ƙwarzane ya gama maka komai. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo maka in an ambaci sunan Allah, kuma a hadisin Adiyyu bin Hatim an ce in ka riske shi da rai ka yanka, in kuma karen ya ci daga jiki kar ka ci. Ka yi yankan nan take da wuƙa mai kaifi, kar ka bar dabba tana wahala a jaka. Ƴar wuƙa mai naɗewa wadda bata kullewa kuma tsawon kaifinta bai wuce inci 3 ba ita dokar Birtaniya ta bari a ɗauka ba sai da wani dalili ba.

Bayan nan ka riƙe shi kai sama ka matsa ƙasan cikin da babban yatsa fitsarin ya fita, in ba haka ba naman zai yi wari. Kayan ciki ka cire kafin ka tafi gida, ka binne ko ka kai inda dabbobin manomi basa zuwa, kar ka ba kare ɗanyen hanji saboda tsutsa. Hanta mai fararen ɗigo a yar. Zaka riƙa haɗuwa da zomaye masu kumburarrun idanu da ke tafiya kamar makafi, cutar miksomatosis ce da ta shigo Birtaniya a 1953 ta kashe kusan kashi 99 cikin ɗari na zomayen ƙasar a lokacin, har yau tana dawowa. Bata kama mutum ko kare, amma irin wannan ka hutar da shi kawai.

In abu ya fara karkacewa

Ya fara kuka a bayan zomo, ka dakatar da shi sati biyu ko uku sannan ka dawo da masu sauƙi zalla. Ya fara ajiye zomo nesa da kai, ku koma lungu da safa. Ya fara tsayawa yana kallon zomo na gudu bai bi ba, yawanci ko gajiya ce ko ciwo ko ka cika sakinsa kan waɗanda ba zasu kamu ba har ya fara yi maka lissafi, ka duba jikinsa tukuna kafin ka zarge shi. Zomayen filin da kake zuwa kuma in sun sha haske sukan gane, kana kunnawa sun watse, sai ka sa jan gilashi a bakin fitila ko ka huta wa filin ka koma wani.

Kun dawo gida kar ka kwanta sai ka duba shi a haske. Ka wanke ƙafafu da ruwan ɗumi, ka buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ka duba gindin farce da ɗan tudun nan na bayan ƙafar gaba wanda yake birki da shi, ka shafa ƙirji da cinyoyi ko waya ta tsaga, don fatarsu siririya ce kuma gashi na ɓoye rauni. Tsaga mai zurfi ko yatsa da ya kumbura ko ɗingishin da ya kwana sai likitan dabbobi. Ka goge masa jiki ya bushe, ruwa kaɗan kaɗan, abinci sai bayan kamar awa ɗaya ya huce, sannan shimfiɗa mai ɗumi.

Wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris zaka fara samun zomaye mata da ciki ko da nono, to lokacin rataye fitila ya yi, ƴaƴa na cikin rami suna jiran uwa, ƙasa kuma ta kusa fara tauri. Watannin bazara ka ci gaba da kira da kawowa da ratsa tumaki da ƴan raguna, ka leƙa manomin ko da taimakon gyaran shinge ne, sai Satumba ku koma fili.